Awon Barci a Cikin Jini

A garin Faraku hanyar mota ta ƙare mana, jirgin ƙasa ya karɓe mu. Kwana huɗu na yi a saman kamyon gyaɗa, babbar motar kaya, tun daga Maradi, ina zaune kan buhuna, ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Duk da gajiyar, na kasa runtsawa a jirgin, don kome na hango ta taga sabo ne. Itatuwa sai ƙara tsawo suke yi, ƙasa sai ƙara ja, mata na tallar doya kowace ɗaya kamar cinyar mutum. Ni mutumin Dakoro, inda ake jan ruwa da raƙumi daga rijiyar da ba a ganin ƙasanta, ga ruwa nan kwance a gefen hanya ba mai ko kallonsa.

Sunana Tsahiru. A lokacin anfirmiye ne ni a asibitin Dakoro, ina allura, ina wanke miki, ina raba ƙwayoyi ta taga. Ƙasarmu ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba, Nasaran da ke duba jini suna ta komawa gida, gwamnati na neman waɗanda za su gaje su. Aka ba ni shekara guda a garin Liyon na Faransa, in koyo duba jini da mikiroskof, madubin nan da ake ganin ƙwayoyin cuta da shi. Abin da aka aike ni ke nan. Abin da na koyo ya ɗan bambanta, kuma ɓarawo ne sanadi.

A Kwatano jirgin ruwanmu ya makara kusan mako biyu. Kullum sai in tafi bakin teku in zauna. Har na ɗebi ruwan da tafin hannu na ɗanɗana, don in ji ko gishirinsa irin na Bilma ne. Ba irinsa ba ne, wannan ɗaci gare shi. Da jirgin ya zo aka saukar da mu can ƙasa kusa da injin, mu da tsofaffin sojoji da 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko. Kwana uku ban san inda kaina yake ba, amai kawai. Da na farfaɗo, damuwata ta farko ita ce alƙibla, don jirgin juyawa yake yi ba ya shawara da kowa. Wani matuƙi ɗan Senegal ya nuna mini wata allura a cikin akwatin gilashi wadda ba ta daina kallon arewa. Na dame shi da tambaya har ya fara ɓuya in ya hango ni.

Muka sauka a Marsai, bakin tekun Faransa, da hantsi. Sanyin can bai yi kama da namu ba. Namu a fata yake tsayawa, wancan cikin ƙashi yake shiga ya zauna. Ina tsaye da akwatina ina rawar ɗari, ban san gabas ba ban san yamma ba, sai na ji an ce a bayana:

"Sannu da zuwa, ɗan'uwa! An sha hanya. Daga ina a ƙasa?"

Na juya. Wani dogon mutum ne da hular Nasara, yana murmushi. Fiye da wata guda ban ji Hausa irin ta gida ba, sai na ji idona ya kawo ruwa.

"Daga Dakoro."

"Kai! Ni Garba, mutumin Tasawa. Yaya aka baro su? Hatsi ya yi kyau bana?"

Ya saya mini kofi mai zafi. Ya tambaye ni rijiyoyin hanyar Tarka ɗaya bayan ɗaya, ya san sunayensu. Ya raka ni har gar, wato tashar jirgin ƙasa, ya ce in shiga sahu a buga mini hatimi a tike, shi ya riƙe mini akwatin, don Nasara ba su son kaya a gaban taga. Na shiga sahu. Na waiga sau ɗaya, ya ɗaga mini hannu. Da na waiga na biyu, ba shi ba akwati.

A cikin akwatin akwai riguna biyu, da bargon saƙi da innata ta ba ni, da cuku da kilishi. Akwai kuma wasiƙar gwamnati da za ta shigar da ni makaranta. Fasfo da tike kaɗai suka tsira, don suna cikin 'yar jakar fata a wuyana. Har yau ba asarar ce ta fi tsaya mini a rai ba. Abin da nake son sani shi ne, da gaske mutumin Tasawa ne? Me ya kai shi Marsai, me ya same shi har ya koma tsaron 'yan'uwansa a bakin jirgi? Ban sami mai ba ni amsa ba.

Na zauna a benci har azahar ta yi, na tashi neman ruwan alwala. Wani tsoho mai sharar gar ɗin, ɗan Aljeriya, ya ga ina naɗe hannun riga a bakin famfo. Ya jingine tsintsiyarsa ya yi mini sallama. Ya kai ni wani ɗan ɗaki inda suke ajiye bokitai, ya shimfiɗa mini kwali na yi salla. Da ya ji labarina, ya tuɓe mantonsa, babbar rigar sanyi mai kauri, ya ɗora mini a kafaɗa. Na ce shi fa? Ya nuna tsintsiya, ya ce mai shara ba ya jin sanyi. Ya rubuta mini sunan wani gidan ma'aikata baƙi a Liyon, ya tsaya har jirgina ya tashi. Ammi Sa'id sunansa. Manton warin taba yake yi, hannunsa ya wuce yatsuna, amma shi na sa har na baro ƙasar.

A Liyon, matar da ke buro, ofishin asibitin, ta duba takardunta ta girgiza kai. An fara darasi tun mako biyu, an ba wani wurina, kuma ba wasiƙa a hannuna. Ta ce in rubuta zuwa Yamai in jira amsa. Kafin nan, in ina son abinci da wurin kwana, sai an liƙa ni a wani sashe. Wurin da ake neman hannu ɗaya ne, ɗakin binciken guba, can ƙarƙashin ƙasa, suna son mai wankin kwalabe.

Na sauka matakala ina jin zuciyata ta yi baƙi. Na ratsa ƙasashe da teku don in wanke kwalba.

Mai ɗakin wata gajeruwar mace ce mai furfura, Madam Berje. Ba ta iya faɗin sunana ba, Mushe Sayiru take ce mini, wato Malam Sayiru a yarensu. Ranar farko doka ɗaya ta ba ni: kada a ƙyasta ashana a ɗakin, don ruwayen da take aiki da su suna kama wuta tun daga nesa. Ita kuwa mashayiyar taba ce, sai ka ga ta hau matakala ta tsaya cikin ƙanƙara tana zuƙa tana tari.

Mako guda ina wanki ina satar kallo. A kan teburinta akwai wasu manyan kwalabe masu murfi, a cikin kowace an jingine falle na gilashi mai faɗin tafin hannu biyu, an shafe fuskarsa da farar hoda. Ɗan ruwa ne kawai a gindin kwalbar, amma sai ka ga yana hawa gilashin a hankali, kamar yadda laima ke hawa katangar ƙasa da damina. In ya kusa kai, ta fitar, ta bari ya bushe, ta fesa masa wani ruwa, ta sake fesa wani. Sai ɗigo-ɗigo masu launin shuni su fito inda da ba kome sai fari. Ta duba, ta ɗauki tarho, ta gaya wa lokotoro na sama wani adadi.

Ranar takwas na kasa haƙuri.

"Madam, me kike gani a nan?"

"Maganin barci," in ji ta. "Wannan jinin wani mutum ne da ke kwance a sama bai san inda yake ba. Ina duba wane iri ya sha, kuma nawa ne ke yawo a jikinsa."

"A cikin jini? Ai ya narke."

Ta dube ni ta saman tabarau. Ta yago wata takarda mai shan ruwa, ta ɗiga baƙar tawadar alƙalaminta a kusa da gindi, ta tsoma bakin takardar a ruwa. Ina kallo baƙin nan ya fara hawa, ya rabe: shuɗi ya yi gaba, ja na bin sa, rawaya ta tsaya a baya.

"Narkewa ba ɓacewa ba ce. Kowane abu da irin tafiyarsa. Wani yana son bin ruwa, wani yana son liƙe wa hoda. Ka ba su hanya ɗaya, za su rabu da kansu. Sunan aikin kuromatogarafi."

Kwana biyu ina maimaita kalmar kafin ta zauna a bakina. Na koma masauki ina tunanin tawadarmu ta makarantar allo. Na kankaro baƙin tukunya daga murhun gidan, na roƙi ƙaro a farmasin asibiti, na dama, na kawo mata. Muka gwada. Tawadar ta zauna daram inda aka ɗiga ta, ba ta motsa ba. Madam ta yi dariya har da tari, ta ce gawayi ba ya narkewa, shi ya sa. Daga ranar ta fara bari in tsaya kusa da ita.

Ta koya mini daki-daki. A juya jini a inji har ruwansa mai launin ɗorawa ya taso sama. A zuba masa wani ruwa mai suna kulorofom a girgiza, maganin ya bar ruwan jinin ya koma cikinsa. A bar kulorofom ya tashi, abin da ya rage a gindi a ɗiga a kan gilashi. A gefensa a jera ɗigo na maganin da aka san yawansa, ƙarami, matsakaici, babba. Tsawon da ɗigo ya hau shi ke faɗin wane magani ne. Girmansa da duhunsa, in an gwada da na gefe, su ke faɗin yawansa. Hannuna ya saba da allura, bai sha wuya wurin ɗigawa ba. Shafa hodar ce ta ba ni wahala. Ta zubar da gilasaina a bokiti sun fi a ƙirga kafin ta ce ɗaya ya yi.

Wata rana ta gaya mini cewa fenobarbital, ƙwayar da muke ba masu farfaɗiya, ba ta fita jiki da wuri. Ta yau tana iske ta jiya da ta shekaranjiya, suna taruwa. Wani jikinsa na fitar da ita da sauri, wani a hankali, ko da girmansu ɗaya. Na ajiye kwalbar da ke hannuna. A Dakoro ta taga nake miƙa ta, babba biyu, yaro ɗaya. Na tuna wani mai jan ruwa daga Mai Yara da na ba, bayan wata biyu aka ce barci ya ɗauke shi a bakin rijiya ya faɗa. Kowa ya ce ciwonsa ne ya tashi, ni ma haka na ce. Na ba Madam labarin. Ta ce ba ta sani ba, kuma ba wanda zai iya sani yanzu. Ba ta ce ba laifina ba ne. Na ji daɗin da ba ta yi mini ƙarya ba, amma ranar ban ci abinci ba.

Lahadi ita ce ranar wuya. Ba aiki, sama a rufe, gari shiru. In zauna a bakin gado ina lissafin abin da ake yi a gida a daidai wannan lokaci: yanzu an dawo da awaki, yanzu inna na tankaɗe. Burodi da kifin gwangwani sun fita raina. Wata Asabar ina wucewa ta gaban kantin da ake sayar da tsuntsayen keji, sai na hango zangarniyar hatsi rataye a taga. Na tsaya kamar na ga ɗan'uwa. Ƙanana ne ƙwarai, ba irin namu ba, amma hatsi ne. Mai kantin ya tambaye ni wane irin tsuntsu gare ni. Na ce babba ne. Madam ta ara mini sabon turmin tangaran da ba a taɓa daka magani a ciki ba, na daka, na dafa, na dama da nonon kanti mai tsami. Ba fura ba ce, amma ta yi kusa. Madam ta kurɓa sau ɗaya, ta ce da kyau, ta tura mini sauran.

Cikin tsakiyar sanyi Madam ta zame a kan ƙanƙara wurin shan taba, ta karya hannun dama. Aka ɗaure shi da filasta har gwiwar hannu. Ta ci gaba da zuwa, amma ni ne hannunta.

A cikin makon ne, da safe, aka sauko da jinin wata yarinya 'yar shekara tara. Mai farfaɗiya ce, tana shan fenobarbital. Uwarta ta tashe ta ta ƙi tashi, numfashinta na ja da ƙyar. 'Yan Fotugal ne, uwar aikin goge-goge take yi a gidajen mutane. Na karanta sunan a jikin kwalbar, Fatima. Na tambayi Madam ko Musulmi ne, ta ce a'a, Kirista ne, a ƙasarsu ma ana sa sunan. Na so in ji yadda aka yi, amma ba lokacin tambaya ba ne.

Na juya, na girgiza, na ɗiga, Madam na tsaye a kaina tana cewa a hankali. Rabin sa'a muna kallon ruwa na hawa. Na fesa. Ɗigo ya fito daidai inda fenobarbital ke tsayawa, girmansa na mai shan magani bisa ƙa'ida. Sai ga wani a samansa, babba, mai duhu.

"Ka ƙazantar da gilashin?"

"A'a, Madam."

"Sake."

Na sake da sabon gilashi da sauran jinin. Ɗigo biyu. Ta sa na jera masa 'yan'uwansa daga kabad, ya yi daidai da wani maganin barci mai ƙarfi da ake ba manya. Ta ɗauki tarho da hannun hagu.

Lokotoron da ke duba yarinyar saurayi ne, ya sauko da kansa. Ya ce yanzu sun san abin da suke yaƙi da shi, za su riƙe mata numfashi har jikinta ya fitar. Sannan ya ce ya san irin wannan: uwa ta ɗirka wa ɗiya magani ta yi barci, ita ta tafi aiki. Ya tambayi uwar sau uku wane magani ta ba yarinyar, ta ce ƙwayar asibiti kaɗai. Zai sanar da hukuma, kuma ko yarinyar ta tashi ba za a mayar mata da ita ba.

Ban saba magana a gaban lokotoro ba a tambaye ni ba. Amma na ji bakina ya buɗe.

"Mushe, a garinmu in ka ce wa mutum wane magani ka sha, na asibiti kaɗai zai gaya maka. Jiƙon da kakarsa ta ba shi ba ya cikin lissafi. Ba ɓoyewa yake yi ba, a wurinsa wannan ba shi ake tambaya ba."

"To, me kuke yi a garinku?"

"Mukan ce a kawo duk abin da ya shiga bakinsa."

Ya ɗaga kafaɗa. Madam ta ce ba abin da za a rasa in an jira zuwa la'asar, kuma ita ba za ta sa hannu a takarda ba kafin nan. Muka hau sama, karona na farko a ɗakin marasa lafiya. Uwar, Roza, tana zaune a benci da baƙin kallabi, hannayenta sun tsattsage saboda sabulu. Wata mai shara 'yar ƙasarsu ta yi mana tafinta. Na ce mata ta je gida ta kawo kome da kome da Fatima ta ci ko ta sha cikin makon nan, ko ruwa ne. Ta dube ni, baƙin mutum da farar riga a kan manto, ta tashi da gudu.

Bayan azahar ta dawo da kwando. Ta jera a kan teburin Madam: man zaitun, busasshen kifi, wasu furanni da ake jiƙawa, zuma, da wata 'yar kwalba mai siffar mace da mayafi. Ta ce ruwan albarka ne daga wurin ibadarsu, tana ɗiga wa yarinyar a harshe. Na gane wannan, mu ma muna da rubutu. Daga ƙarshe ta fito da wata kwalba ruwan ƙasa, takardar jikinta ta goge saura rabi.

"Wannan fa?"

Tafinta ta ce matar da Roza take wa aiki ce ta ba ta. Ta ji Fatima na tari, ta ɗauko daga kabad ɗinta ta ce yana sa a kwana lafiya. Roza ta ɗauka na tari ne, irin zuma. Ba ta karatu. Kwana huɗu tana ba ta cokali babba, jiya da tarin ya tsananta ta ba ta biyu.

Na ɗiga kowane a gilashi guda, har ruwan albarkar, da na jinin a tsakiya. Roza ta tsaya tana kallon ruwa na hawa, ba ta san abin da take jira ba. Da na fesa, layin zuma fari, na furanni fari, na ruwan albarka fari. Na kwalbar ruwan ƙasa ya fito shuni, kafaɗa da kafaɗa da babban ɗigon Fatima. Tafinta ta bayyana mata. Roza ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka, tana cewa ita ta yi, da hannunta. Madam ta durƙusa da filastarta ta riƙe ta.

Lokotoron ya daɗe yana kallon gilashin, ya juya kwalbar ya karanta abin da ya rage na rubutun. Ya ce ba zai kira kowa ba, sai dai matar nan mai kyauta, ita zai kira da kansa. Rana ta uku Fatima ta buɗe ido ta ce tana jin yunwa. Na hau na leƙa ta. Ta ƙura mini ido, ta tambayi uwarta wani abu, uwar ta buge mata hannu tana dariya tana kuka. Tafinta ta ce tambaya take ko launina yana fita in na yi wanka.

Wasiƙar Yamai ta iso bayan wata uku. Aka ce in hau sama in shiga darasin mikiroskof. Na roƙa a raba mini yini, safiya a sama, yamma a ƙasa, aka yarda. Da shekara ta cika, Madam ta haɗa mini akwatin katako: gilashi shida, gwangwanin hoda, mafesa, da 'yan kwalaben magani da aka san yawansa. Ta ce zafin ƙasarmu zai iya hana aikin, in gwada da sassafe. Ba ta raka ni gar ba, ta ce ba ta son irin wannan.

Gilashi huɗu suka iso Dakoro da rai. Wata shida ina jiran kulorofom daga Yamai. Babu lantarki, amma akwai injin juya jini na hannu, da tandun dafa allurai da ake ɗorawa kan risho, a nan nake busar da hoda. Na sayo kwalbar alewa babba a kantin Maradi, a madadin irin ta Madam, na binne gindinta a jiƙaƙƙen yashi don ta yi sanyi. Gwajin farko da na biyu duk sun lalace, ruwan ya tsere kafin ya kai rabi.

Ana cikin haka wani tsoho daga Sabon Maci, Baba Na-Allah, ya zo da ɗansa Ila a kan jaki. Ila magidanci ne mai 'ya'ya uku, yana karɓar ƙwayar farfaɗiya a wurinmu.

"Lokotoro, ƙwayarku ta tsai da faɗuwa, amma ta ɗauke mini mutum. Shina noma shina kwana. Jiya bisa hauya muka iske shi. Mutane na cewa iskoki ne."

Na ce su kwana a gari. Da aka sallame sallar asuba na ɗebi jinin, na liƙe bakin kwalbar alewa da tsumma mai laima. Tsohon ya tsuguna kusa da ni har na fesa. Ɗigo ɗaya ne, amma ya fi babban da na jera a gefensa.

Ya matso da fuskarsa.

"Wanga ɗigon shi ne kwanan Ila?"

"Shi ne, Baba. Wanga na gefe shi ne daidai."

"To, ya yi yawa. Ko ni da ban yi lakwal ba na gani."

Na kai wa manjo, shugabanmu, ya duba, muka tsara yadda za a rage ƙwayar kaɗan-kaɗan don kada faɗuwa ta dawo. Da za su tafi tsohon ya ce in ara masa gilashin, yana son uwar Ila ta gani, da masu maganar iskoki. Na ce launin zai dushe kafin su kai gida, kuma huɗu kaɗai gare ni. Ya ce ko ya dushe, shi ya ga wurin, zai nuna musu da yatsa. Na naɗe masa a tsumma.

Bayan wata biyu, da hantsi, ina raba ƙwayoyi ta taga, wani ya miƙo mini ƙunshi. Ila ne, shi kaɗai, ba jaki. Uwarsa ta ce ba a mayar da kayan aro da dauɗa, ta goge gilashin da toka da yashi har ya yi zane ko'ina, ba zai sake moruwa ba. Na ce ya shigo ya sha ruwa in duba idonsa. Ya tsaya na duba, ya amsa tambayoyina, sau ɗaya ya faɗi tun ranar. Amma ya ƙi zama. Ya ce motar kasuwa ba ta jira, kuma akwai sauran wake a gona bai roro ba.